Hattara da injin da aka yi wa wanka aka ce ɗan Beljiyam ne

Jama'a, musamman direbobin haya, a yi hattara. Akwai marasa tsoron Allah da ke bin garejoji suna sayen injin motar da ya riga ya buga a nan gida, su kwance shi, su sa masa ringi (zoben fistin) da metal (ƙarafan da sandar cikin injin ke juyawa a kansu) masu arha, su liƙe da gam, su wanke da fetur, su fesa masa fenti ruwan azurfa. Sai a jera shi cikin waɗanda aka sauke daga kwantena, a rantse maka cewa sifana ba ta taɓa hawa kansa ba. Garambawul ba laifi ba ne, idan an faɗa maka kuma an rage kuɗi. Ha'incin shi ne a karɓi kuɗin ɗan Beljiyam a kansa.

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, masu gaskiya na nan da yawa, amma idonka ne zai raba maka su da sauran. Abin da zai fara tona asirin macuci shi ne gam.

Ɗauki injin Corolla 1ZZ ko na Camry 2AZ. A kamfani, na'ura ce ke zuba gam a murfin sarƙar timin da farantin ƙasa inda baƙin mai ke taruwa. Za ka ga abin da ya ɗan fito waje siriri ne, kauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, launinsa baƙi ko ruwan toka, ya bushe ya yi datti daidai da sauran jikin injin. Aikin hannu kuwa ba ya ɓuya: nan ya yi tudu, can ya yi ƙaranci, wani wurin har da sawun yatsan da ya shafe shi. In ka ga jan gam ko shuɗi ya tsattsafo, an buɗe wurin, ko da mai shago zai dafa Alƙur'ani. In kuwa a bakin gaskit ɗin top (shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa) ka gan shi, tashi ka bar shagon, domin wannan gaskit ba a shafa masa gam.

Kuma illar ta wuce muni. Yadda gam ya fito waje haka ya matso ta ciki. Yana gutsurewa ya faɗa cikin mai, ya toshe rariyar famfon mai, mai ya daina isa ga metal, sai inji ya sake bugawa kana tsakiyar hanya da fasinja.

Daga nan duba kawunan notina. Wanda aka taɓa kwancewa gefensa na sheƙi ko ya cinye, wani lokaci ma ka tarar da baƙon noti guda a cikin 'yan'uwansa. Fentin da ya hau kan roba da wayoyi ba na kamfani ba ne. Injin da ya yi shekaru yana aiki a Turai amma ko ƙura babu a lungunansa, a tambayi dalili. Zaro sandar gwada mai ka murza tsakanin yatsu, don wasu na ɗura mai kauri sosai ya danne ƙarar metal na ɗan lokaci.

Gam ɗin hannu a farantin ƙasa kaɗai ba hujja ba ce, ana iya buɗe shi don yoyo kawai. Amma idan ya haɗu da na murfin timin da sabon gaskit a top, magana ta ƙare.

Ka je da bakanikenka wanda ka yarda da shi, ba wanda ɗan kamasho ya haɗa ka da shi ba. A cire filogi a duba, a kwance farantin ƙasa a gabanka ka ga rariyar da idonka. A rubuta lambar da ke jikin injin a kan rasit, tare da kwanakin garanti da sharaɗin mayar da kuɗi ko canji. Wanda ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ba shi ko kafin alƙalami.