Gargaɗi: kada ku biya kuɗin "wayar Amurka" sai kun ga 4G da layinku

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da aka yi wa ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba ita kaɗai aka yi wa ba.

Ta kwashi adashinta, ta ga wani yana tallar wayoyi a Facebook, wai kwance ne daga Amurka, tsaf kamar sababbi. Suka haɗu a wani shago. Ya sa layinta, ya kira lambarsa, ta yi ƙara. Ya buɗe mata bidiyo, yana tafiya ba tsaiko. Ta biya. Da ta dawo gida sai ga harafin E a saman waya, saƙon WhatsApp ɗaya sai an yi ta jira. Ashe bidiyon nan a WiFi na shagon ya nuna mata. Ta kira shi, ya ce matsalar unguwarmu ce, alhali tawa wayar a ɗakin tana nuna 4G. Kwana biyu ya toshe lambarta.

Wayar ba ta lalace ba, kuma nan ne dabarar take. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo ya san wadda ba ta da gajeren zango ba za ta kama BBC a can ba, komai kyawunta. Haka waya take. Kowane kamfanin layi yana da zangon da yake watsa 4G a kai, masu gyara suna ce masa band, kuma kowane da lambarsa. A Najeriya band 3, wato megahaz 1800, shi ne ruwan dare. MTN na amfani da 7 da 20 ma, Glo kuwa da band 28, na megahaz 700, ta fara 4G ɗinta a 2016. Kamfanonin Amurka nasu daban: 2, 4, 12, 13, 66. Manyan wayoyi masu tsada galibi suna ɗauke da zanguna da yawa, shi ya sa suke aiki ko'ina. Ƙanana masu araha da aka ƙera don kamfani ɗaya a can su ne ake rage wa, kuma su ne ake jibgo mana. Kira yana shiga domin ta tsohon layin 2G yake bi, wanda kusan kowace waya ke kamawa. Saboda haka "ga shi ta yi ƙara" ba shaida ba ce.

Mai gyaran da muka kai wa ya ce, "Yaya, wannan ba gyara take so ba, haka aka haife ta." Gaskiya ya faɗa. Zango a cikin kayan waya yake, filashin ba ya ƙara shi. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka 4G a irin wannan, cuta ta biyu zai yi maka.

Akwai wata damfarar da ake haɗawa da wannan, musamman a iPhone: waya ce kulalliya ga kamfanin can, sai a manna wani siririn faranti a ƙarƙashin sim don ta karɓi layinmu. Tana yi na ɗan lokaci, ranar da ka canza layi ko ka sabunta manhajarta, sai sabis ya ɗauke. Ka fito da mazaunin sim ka duba da idonka. Sannan ka shiga Settings, General, About, ka nemi Carrier Lock. In ba a rubuta No SIM restrictions ba, ajiye musu kayarsu. Ku kuma sani, iPhone na kasuwar Amurka daga 14 zuwa sama, tun 2022, ba su da ramin sim, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. In ka ga rami a irinsu, hannun mutum ne ya yi shi.

Abin da nake roƙon ku ba ya cin minti goma. Ka kashe WiFi da hannunka, ka sa layinka, ka kunna data, ka jira sai 4G ko LTE ya fito, ka buɗe bidiyo da kanka. Ka danna *#06#, IMEI, wato lambar shaidar wayar, ya fito, ka gwada shi da na jikin kwali in akwai. Ka duba cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan kawai ba, domin waya biyu na iya zama suna ɗaya ciki daban; a Samsung, wadda lambarta ta ƙare da U ta kasuwar Amurka ce. Ka rubuta lambar a intanet ka ga ko band 3 na cikin jerinta, in Glo kake ka nemi 28. Mai son 5G ya nemi zangon n78, a kansa MTN ta fara 5G a 2022.

Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin gwaji, da yawa ma su ke miƙo maka allurar cire sim. Wanda ya fara "akwai mai jira" ko "tura kuɗi in aiko a mota", ka bar masa.

Wayar ƙanwata tana nan a durowa, ta koma tsohuwarta mai fasasshen gilashi. Shi kuwa mutumin, jiya na ga ya sake ɗora irin wayoyin nan da sabon suna. Don Allah ku tura wa 'yan uwa kafin wani ya biya.