Masu aikin majari a gabashin Jidda: bututu ya yi, shuka kuwa da gyara

Tunda na ji an ce ƴan kwangilar da suka yi mana majari, wato bututun kwashe ƙazantar gidaje, su ne za su koma layukan bayanmu, bari in faɗa muku abin da za ku tarar, ba zan kama sunan kamfani ba, ƴan unguwa sun san su.

Ta wajen bututu dai gaskiya ba ni da ta cewa. Duk wanda ya zauna a gidan bayara, wato mai ramin tara ƙazanta, ya san wahalar, ta cika ka kira wayit, wato motar zuƙe ƙazanta, direba ya ce bayan la'asar, ka yi ta jira har isha ruwa na malala bakin ƙofa, ga wari ga sauro, kuma sauron Jidda ba na wasa ba ne tunda akwai zazzaɓin dengi. Manyanmu ma suna tuna lokacin da motocin nan ke kwashe ƙazantar gari su juye a tafkin Misk, wanda bayan ambaliyar Nuwamba 2009 kowa ya kwana da fargabar kar ya ɓalle ya sauko kan mutane, sai a 2010 aka janye ruwansa. To yau rabona da lambar mai wayit har na manta inda na ajiye ta, wannan kaɗai ya isa in yaba.

Ramin da suka tona ya fi tsayin mutum, kuma da yake ruwan ƙasa a Jidda kusa yake, suna tono yana ɓuɓɓugowa, injin janye ruwa ya yi ta ruri dare da rana, barci sai dai haƙuri. Amma sun sa faranti na ƙarfe a ƙofar kowane gida don a samu wucewa, Baba Alhaji na kusa da mu da ke kan keken guragu bai fasa jam'i ba ko sau ɗaya. Shugaban leburorin wani ɗan Sudan ne mai sanyin hali, da suka fasa mana bututun ruwan sha kafin magariba ya gyara. Tsohuwar bayarar ma sun zuƙe ta suka cike da yashi. Kwaltar da suka mayar ce dai ta lotsa a tsakiya, mota na bi sai ta yi tsalle.

Inda na ke da magana shi ne itatuwa. Sun sare bazromiyar layin kaf, ni ban yi kukanta ba wallahi, baƙuwa ce, inuwarta kawai ake gani amma saiwarta bin ruwa take har cikin bututu da tankin ƙasa, maƙwabcina sai da ya sake tanki saboda ita. A madadinta suka kawo na ƙasar nan, sidir wato kurnarmu, da arak na asuwaki, da samur mai ƙaya, zaɓin ya yi daidai don duk masu jure fari ne kuma ya dace da shirin dasa itatuwa biliyan 10 da Saudiyya ta sanar a 2021. Sai dai kash, a watan Agusta suka dasa, haba jama'a, wa ke dashe a Jidda a Agusta? Na tsaya a kan rami ɗaya ina kallo, gutsattsarin kwalta ne da buraguzan siminti a ciki, yaron ya yage baƙar ledar ya tura dashen ya take da ƙafa ya wuce. Tiyon ɗigon ruwa kuwa an shimfiɗa shi tsaf amma ba a jona shi da komai ba, kamar fanfon ado.

Samur ɗin yawanci sun bushe, wasu motoci suka taka don babu kariya. Arak ya yi ta maza tunda gishiri ba ya damunsa. Kurnar da ta fi kyau ita ce ta ƙofar Hajiya Inna, ita da ke zuba mata ruwan alwala, har ta kai kafaɗata yanzu.

Bututu na ba su tara cikin goma, shuka huɗu. Ku na layin baya in sun iso gare ku, ku roƙi shugaban nasu ya bar dashe sai Nuwamba, ku duba ƙasar ramin da idonku, kuma kar ku yarda a dasa kurna daidai kan bututun da ya fito daga gidanku, a matsar da ita gefe.