Gentoo, FreeBSD ko Debian: wanne za ka ɗora a sabarka?

Masu tambayata wace babbar manhaja (operating system) za su ɗora a ƙaramar sabar shago ko ta makaranta a nan Jos, ni dai abu ɗaya nake dubawa kafin komai: yaushe manajan fakiti, wato manhajar da ke ɗora maka sauran manhajoji, zai gaya maka akwai matsala? Kafin ya fara aiki, ko sai ka gama ƙona man janareta?

Manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai, tana jingina da wasu, su kuma waɗancan ana iya gina su da wani zaɓi a kunne ko a kashe. A ce wadda kake so tana buƙatar Python mai sqlite, Python ɗinka kuma an gina shi babu sqlite, to dole aiki ya tsaya, magana ita ce a ina zai tsaya. Direban kirki a tasha yake duba taya, ba sai ya kai Akwanga ba.

Shi ya sa nake tare da Portage, manajan fakitin Gentoo, kuma ba na ɓoyewa. Su ma da can suna da wannan ciwon, ana duba zaɓin ne da built_with_use a matakin pkg_setup, wato sai layi ya iso kan fakitin sannan a duba, ka bar kwamfuta tana ta aiki cikin dare da safe ka tarar ta tsaya a tsakiya, ga wuta an ɗauke, wallahi abin da ciwo. A 2008 EAPI 2, wato sabon tsarin ƙa'idojin rubuta fakitin Gentoo, ya ba da damar rubuta zaɓin da ake buƙata a cikin jerin abubuwan da fakiti ya dogara da su, a 2011 kuma EAPI 4 ya kawo pkg_pretend da REQUIRED_USE, masu duba matsala tun kafin a fara gini. Yanzu da ka buga umarnin emerge --ask, Portage zai lissafa komai tukuna, ya nuna maka layin da za ka sa a package.use, fayil ɗin da kake rubuta zaɓinka, ba a gina ko fayil ɗaya ba. Masu cewa Gentoo sai mai wutar sola saboda daɗewar gini, tun Disamba 2023 akwai ginannun fakiti na hukuma, in zaɓinka ya dace da nasu ya sauko kawai, in bai dace ba ya gina maka.

FreeBSD ports, tsarinsu na gina fakiti, ba laifi, amma in ka manta make config-recursive, umarnin da ke tambayarka duk zaɓi tun farko, allon zaɓi zai fito ya tsaya jiranka a tsakiyar aiki. Debian da Ubuntu kuwa abin da aka dafa shi za ka ci. Homebrew, manajan fakiti da aka fi sani a Mac, sun cire zaɓin daga manyan fakitinsu tun 2019. Nix, wani manajan fakitin, yana cin faifai da data.

Amma don Allah duk wanda ka zaɓa, kula da inda kake ɗauko kaya. Wani zai miƙo maka filash ya ce ai na riga na saita komai malam, kar ka yarda, sauke ISO, wato fayil ɗin da ake ɗora tsarin da shi, da kanka daga shafin hukuma ka duba sha256 da sa hannun GPG don tabbatar da ba a taɓa shi ba. Ko manya an taɓa su: a Yuni 2018 an kutsa asusun Gentoo na GitHub aka lalata ebuild ɗin da ke can, wato fayilolin umarnin gina fakiti, Allah ya sa asalin ma'ajiyar na kan sabobinsu. A shekarar dai aka cusa mugun kod a fakitin acroread na AUR, ma'ajiyar da masu amfani da Arch Linux ke zuba fakitinsu. Ga kuma manhajar matse fayil xz 5.6.0 da 5.6.1, a Maris 2024 wani injiniyan manhaja Andres Freund ne ya gano ƙofar bayan da aka dasa a ciki. To ina ga ma'ajiyar fakiti wadda ba ta hukuma ba, PPA ko overlay, da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp? Kuma ka riƙa karanta sunan fakiti harafi-harafi, musamman a npm da PyPI, ma'ajiyun fakitin JavaScript da Python, 'yan damfara harafi ɗaya suke canzawa. Umarnin da aka ce ka kwafa ka liƙa da sudo, mai ba shi cikakken iko a kan kwamfutarka, buɗe fayil ɗin ka karanta tukuna, in ba ka gane ba kai wa wanda ya gane.