Ra'ayina kan wata cibiyar koyon kanikanci a Damagaram

Ƙanena yana koyon gyaran mota a wata cibiyar koyar da sana'o'i a nan Damagaram. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda malamai ke sa kowane ɗalibi ya kwance injin gazuwal da hannunsa, ya sake haɗa shi, kafin ya taɓa motar mutane. Wannan ilimi yana da kasuwa, domin tankokin da ke ɗaukar mai daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, da manyan motocin ma'adinan Arlit, da gazuwal suke aiki. Sai dai ɓangaren lantarki yana da rauni ƙwarai, domin na'urar gano matsalar mota ɗaya ce tak, ɗalibai kuwa suna da yawa.