BoxRec da Gardamar Ƙarfin Naushi a Ajin Masu Nauyi

Shekaru da dama ke nan ina amfani da shafin BoxRec, mai tattara tarihin wasannin 'yan damben boksin a intanet, kuma a mafi yawan lokutan da na buɗe shi tambaya guda ce take kai ni: a cikin manyan 'yan damben boksin na ajin masu nauyi, tun daga Jack Dempsey har zuwa Deontay Wilder, hannun wa ya fi nauyi? Wannan gardama ce da ba za a taɓa raba ta a kan dandamali ba, domin mutanen ba su yi zamani ɗaya ba, wasu ma sun rasu tun kafin a haifi waɗanda ake gwada su da su. Abin da ya rage wa mai son sanin gaskiya shi ne tarihin da aka rubuta da majigin da aka ɗauka, kuma ta fuskar rubutaccen tarihi ban ga wurin da ya kama ƙafar wannan shafi ba. Sai dai akwai hanyar karanta shi da take kai mutum ga fahimta, akwai kuma wadda take ɓatar da shi.

Wani ɗan Ingila mai suna John Sheppard ne ya kafa shafin a shekarar 2000, kuma editocin sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne suke ciyar da shi da sakamakon wasanni, wasunsu suna tono tsofaffin jaridu domin cike giɓin tarihin 'yan damben da suka shuɗe. Sai mutum ya yi rajista, wadda kyauta ce, kafin ya samu damar yawo a cikinsa yadda yake so. Idan aka buɗe shafin ɗan dambe, za a ga adadin nasarorinsa da faɗuwarsa da canjaras a sama, a ƙasa kuma jerin dukkan wasanninsa: ranar da aka yi, garin da aka yi, sunan abokin karawa, yadda wasan ya ƙare, da turmin da ya ƙare a cikinsa. A wasanni da yawa ana samun nauyin kowanne daga cikin mutanen biyu, da makin alƙalai, da ɗan bayani a kan wanda aka kayar da turmin da ya sha ƙasa. Tsarin ba shi da ado, tebur ne da lambobi, kuma a allon waya yana ɗan matsewa, amma ga mai bincike wannan ba aibi ba ne.

Lambar da ta fi ɗaukar ido, kuma wadda masu gardama suka fi kafa hujja da ita, ita ce yawan nasarorin da ɗan dambe ya samu kafin lokaci ya cika. Rocky Marciano ya yi wasa 49, ya ci duka, 43 daga ciki ba su kai ƙarshe ba. George Foreman ya ci 76, ya gama da mutum 68 kafin ƙararrawar ƙarshe. Mike Tyson yana da 44 a cikin nasara 50, Joe Louis yana da 52 a cikin 66, Vitali Klitschko kuma 41 a cikin 45. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi kaɗai zai ɗora Vitali, mai kusan kashi 91 cikin ɗari, a kan Foreman da Tyson, ya kuma jefa Louis can ƙasa da kashi 79. Amma mujallar The Ring, lokacin da ta jera mutum 100 mafiya ƙarfin naushi a tarihi a shekarar 2003, Louis ta sa a farko, kuma duk wanda ya kalli yadda ya gama da Max Schmeling cikin minti 2 da daƙiƙa 4 a watan Yunin 1938 ba zai ce an yi son kai ba.

Dalilin wannan saɓani yana cikin shafin kansa, ga mai haƙurin dubawa. Kusa da sunan kowane abokin karawa ana nuna tarihinsa kamar yadda yake a ranar wasan, kuma a ganina wannan ɗan ginshiƙi ya fi komai daraja a BoxRec. Misalin da ya fi fito da amfaninsa shi ne LaMar Clark, wani Ba'amurke daga jihar Utah wanda ya jera bugun kwaf ɗaya fiye da 40 ba tare da yankewa ba a ƙarshen shekarun 1950. A sama, lambobinsa sun fi na Louis ban tsoro. Da zarar an gangara cikin jerin sai a tarar da yawancin waɗanda ya buge sababbin shiga ne da ba su taɓa cin wasa ba, kuma da ya gamu da matashi Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, a 1961, a turmi na biyu aka gama da shi. Da babu wannan ginshiƙi, da lambar sama ta zama abin yaudara zalla.

Akwai rauni na biyu a wannan lamba, kuma shi ne abin da na fi so a ce masu shafin sun gyara. A cikin jeri ana bambanta wasan da alƙali ya ƙirga goma, mai alamar KO, da wanda alƙali ko likita ya tsayar, mai alamar TKO, da wanda ɗan dambe ya ƙi tashi daga kusurwarsa, mai alamar RTD, amma a jimillar sama duk ana zuba su a kwando ɗaya. Ga mai neman ƙarfin naushi guda, tsakanin waɗannan abubuwa akwai tazara mai nisa. A 2008 a Berlin, Vitali Klitschko ya yi ta ruwan naushi a kan Samuel Peter har turmi takwas, Peter bai faɗi ba, amma bai fito turmi na tara ba. A Satumbar 1952 a Philadelphia kuwa, Jersey Joe Walcott yana gaba a takardun alƙalai uku, ya ma kayar da Marciano a turmin farko, sai a turmi na 13 dama guda gajeriya ta same shi a muƙamuƙi, ya sulale a jikin igiya, ya kife. Na farko aikin tsayi ne da juriya da tara duka, na biyu kuwa shi ne ainihin abin da ake nufi idan aka ce hannun mutum yana da nauyi, amma a lissafin sama darajarsu ɗaya.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne rubuta nauyin 'yan dambe, domin a nan ne ake gane cewa sunan ajin ne kawai bai sauya ba, mutanen cikinsa sun sauya. Dempsey yana da kimanin kilo 85 a ranar 4 ga Yulin 1919 a Toledo, lokacin da ya kayar da Jess Willard, mai kimanin kilo 111, har sau bakwai a turmin farko. Marciano ma a kusan nauyin Dempsey ya yi rayuwarsa ta dambe. Da yau Dempsey da Marciano suke, da ba a ajin masu nauyi za a sa su ba, domin tun 1979 aka ƙirƙiro wani aji a ƙarƙashinsa wanda iyakarsa a yanzu ta ɗan haura kilo 90. Wilder kuwa, da kilo 96 ya shiga wasansa na farko da Tyson Fury a Disambar 2018, ya kayar da mutumin da ya fi shi da kusan kilo 20 a turmi na tara da na 12. Wannan ya sa ba na yarda da masu cewa girman jiki shi ne komai, domin sauri da tsawon hannu da yadda mutum yake juya ƙugunsa cikin naushi suna da rabonsu. Haka kuma ba na yarda da masu cewa girma ba ya nufin komai, domin Fury ya tashi sau biyu a wannan dare, ya sake tashi sau biyu a turmi na huɗu a karonsu na 2021, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa naushin da ya kwantar da Walcott mai kimanin kilo 89 zai yi wa mai kilo 116 irin wannan aiki.

Abin da tebur ba ya ɗauka shi ne yanayin da aka yi wasan a cikinsa. Safar hannun zamanin Dempsey ta fi ta yau sirantaka nesa ba kusa ba, yayin da masu nauyi a yau suke ɗaura mai oza 10. A wasan Toledo an bar Dempsey ya tsaya a kan Willard yana jiran ya ɗago ya ƙara masa, abin da doka ba ta yarda da shi ba a karonsa na biyu da Gene Tunney a 1927, inda jinkirinsa na komawa kusurwa bayan ya kayar da Tunney ya ba Tunney ƙarin daƙiƙoƙin farfaɗowa. Wasannin kambu a da galibi turmi 15 ne, sai bayan rasuwar ɗan dambe Duk Koo Kim sakamakon dukan da ya sha a wasa a 1982 aka fara mayar da su 12, kuma da wannan doka ta riski Marciano, da turmin da ya kwantar da Walcott bai zo ba. Alƙalan yau kuma suna saurin shiga tsakani domin kare lafiyar ɗan dambe, wanda abu ne mai kyau ƙwarai, amma yana ƙara wa mutanen zamani adadin wasannin da suka ƙare kafin lokaci. Duk wannan sai mai karatu ya zo da shi daga waje.

Wanda lambobi suka fi tauye wa haƙƙi shi ne Earnie Shavers. Bai taɓa riƙe kambun duniya ba, an ci shi fiye da sau goma, kuma wanda bai san shi ba zai iya wuce shafinsa ba tare da ya tsaya ba. Amma Muhammad Ali, wanda ya yi turmi 15 da shi a 1977, da Larry Holmes, wanda ya kara da shi sau biyu, dukansu sun shaida cewa ba su taɓa jin naushi irin nasa ba. A Satumbar 1979 damarsa ta watsar da Holmes a ƙasa a turmi na bakwai, faɗuwar da mai kallon majigin ba zai yi zaton ana tashi daga irinta ba. Holmes ya tashi, ya tsayar da shi a turmi na 11, kuma abin da idon mai sauri zai gani a jeri shi ne jan tambarin faɗuwa. Shavers yana gajiya da wuri, kuma idan ya raunata babban ɗan dambe ba kullum yake iya ƙarasa shi ba. Wannan nakasu ne a dambensa, amma bai rage komai daga nauyin hannunsa ba.

Dabarar da na ga ta fi amfani ita ce barin shafin mai naushin a koma shafin wanda aka nausa, a duba ko wani ya taɓa yi masa haka. Holmes ya yi wasa 75, kuma sau ɗaya tak aka gama da shi kafin lokaci, wato a hannun Tyson a turmi na huɗu a Janairun 1988, ko da yake a lokacin shekarunsa 38 kuma ya dawo ne daga hutu. Sonny Liston ya gama da Floyd Patterson a turmin farko har sau biyu, a 1962 da 1963, amma shafin Patterson yana nuna cewa mutum ne da aka saba kayarwa, don haka hujjar tana ɗan sassautawa. BoxRec ya sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, domin kowane suna ƙofa ce da ake latsawa a shiga, kuma mutum yana iya bin sarƙar daga wannan ɗan dambe zuwa wancan har ya manta da lokaci.

Da wannan ma'auni na auna su, kuma Foreman ne ya fi gamsar da ni. Ba a taɓa cin Joe Frazier a wasa 29 ba kafin ranar 22 ga Janairun 1973 a Kingston ta Jamaika, inda Foreman ya kayar da shi sau shida cikin turmi biyu. A 1974 a Caracas ya gama da Ken Norton, mutumin da ya karya wa Ali muƙamuƙi, shi ma a turmi na biyu. Ya bar dambe a 1977, ya dawo a 1987, sannan a ranar 5 ga Nuwambar 1994 a Las Vegas, yana da shekara 45, alƙalai uku duk suna ba abokin karawarsa rinjaye, ya kwantar da Michael Moorer, matashi mai shekara 26 da ba a taɓa ci ba, da dama guda a turmi na goma. Sauran da ake gardama a kansu kowanne a zamani ɗaya aka gwada hannunsa, shi kuwa an gwada nasa a kan zakarun zamani biyu da fiye da shekara 20 suka raba, kuma duk wannan yana nan a shafi ɗaya, layi a kan layi. Idan ana maganar naushi guda tilo, ina jingina ga shaidar Ali da Holmes a kan Shavers, amma idan ana maganar hannun da ya tabbatar da kansa a kan manyan mutane, Foreman nake ba.

Shafin yana da nasa jerin gwanaye na kowane zamani, wanda kwamfuta take lissafawa da maki bisa sakamakon wasanni. Ban cika dogara da shi a wannan gardama ba, domin nasara yake aunawa, kuma tsarin lissafin yakan sauya daga lokaci zuwa lokaci. Haka nan tarihin mutanen farkon ƙarni na 20, irin su Sam Langford, yana cike da wasannin da ba a yanke hukunci a dandamali ba sai abin da jaridu suka rubuta washegari, kuma adadinsu yakan motsa idan editoci suka gano sabon rahoto. Wanda zai kafa hujja da lambobin wancan zamani ya kamata ya faɗi ranar da ya duba su, kuma idan ya ga layin da ya ɗaure masa kai, kamar na Holmes da Shavers a 1979, ya nemi majigin wasan ya kalli turmi na bakwai da idonsa.