Fijo 504 ko Volkswagen Beetle?

A shekarun 1970 da 1980, ma'aikacin da ya samu bashin mota yakan yi ta shawara tsakanin waɗannan biyun. Beetle, wadda ake haɗawa a Legas, ta fi araha. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwanka da lagireto. Sai dai ƙofa biyu gare ta, mai iyali kuwa sai haƙuri.

Ni kam Fijo nake kewa. A wancan lokacin a Kaduna ake haɗa ta, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Ga kujeru masu laushi, ga jure gargada, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Ita ce motar jami'an gwamnati, doguwarta kuma ita ke jigilar fasinja daga Kano har Maiduguri.