Lauyan da ya tsaya wa ɗan yayata a Bronx, tauraro huɗu na ba shi

Bari in faɗi abin da na gani da idona game da lauyan nan, sunansa dai ba zan kama ba, ofis ɗinsa na kusa da kotun nan ta titi na 161 a Bronx, wanda ke zaune a Niyok ya san wajen, lauyoyi ne birjik a layin. Ɗan yayata ne aka kama da daddare yana tuƙi ya sha, eh na sani, ba sai an gaya min ba, faɗan da za a yi masa uwarsa ta riga ta yi ta waya har da kuka. Ya hura na'urar ƴan sanda mai auna giyar da ke jinin mutum ta nuna 0.09, dokar jihar kuma daga 0.08 ne ake ce ka bugu, suna ce masa DWI, kuma laifi ne da ke shiga rikod ɗin mutum. Ranar farko a gaban alƙali aka dakatar da lasin ɗinsa tun kafin a fara shari'ar ma.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan tun zaman farko, bai fara da zancen kuɗi ba, tambayar da ya fara yi ita ce yaron ɗan ƙasa ne ko grin kad gare shi, wato katin izinin zama na dindindin. Ya ce tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2010, shari'ar Padilla da jihar Kentucky, wajibi ne lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba abin da amsa laifi zai iya jawo wa takardunsa. Wani da muka fara kira kafin shi ko tambaya bai yi ba, cewa kawai yake kar ku damu zan kashe maganar, ni kuwa duk wanda ya yi min alƙawarin kashe magana bai ga fayil ba tsoronsa nake.

Sai ya zaunar da mu ya yi bayani kamar malamin firamare, wallahi har da zane a takarda. In aka same shi da DWI tara daga dala 500 zuwa 1,000, ɗauri zai iya kai shekara, a ƙwace lasin aƙalla wata 6, a kuma saka masa na'urar nan a mota wadda sai ka hura kafin ta tashi. Amma akwai ƙaramin laifi a ƙasa da shi, DWAI, shi wannan karya dokar hanya ne kawai, tara 300 zuwa 500, lasin kwana 90. To shi aikinsa kenan, ya je ya zauna da mai gabatar da ƙara su yi ciniki, yaro ya amsa ƙaramin a janye babban. Ciniki ne fa na gaske irin na kasuwa, sai dai da takardu ake yinsa, ya nemi bidiyon kyamarar jikin ɗan sanda da takardar da ke nuna yaushe aka duba lafiyar na'urar hurawar, ya kuma nuna cewa karo na farko ne, ba hatsari, ba ƙaramin yaro a motar. Wannan na ƙarshen ya jaddada sosai, domin tun 2009 akwai dokar Leandra, in da yaro ɗan shekara 15 zuwa ƙasa a ciki to babban laifi ne kai tsaye.

Inda na cire tauraro ɗaya, waya. Mutumin nan ba ya ɗauka, sai sakatariya, kuma sau biyu aka ɗage zaman ba wanda ya sanar da mu sai da muka bar aiki muka je. Sannan bai gaya mana tun farko ba cewa bayan tarar akwai dala 250 duk shekara har shekara 3 da hukumar lasin ke karɓa, ga kuɗin ajin da ake tura masu irin wannan laifin na sati 7, ga inshora da ta yi tsalle. Kuɗinsa shi kansa ba sauƙi, sai da muka yi karo-karo, ko da yake ya yarda a biya kashi uku. Wanda ba shi da hali akwai lauyan kyauta da kotu ke bayarwa, kar a raina su, a gabana na ga wata tana fafatawa.

An dai ƙare a DWAI ɗin. A bakin lifta lauyan ya kalli ɗan yayar tawa ya ce in ka sake dawowa ba za ka samu wannan rangwamen ba, ni kuma na karɓe makullin motar, har yau yana aljihuna, jirgin ƙasa mai lamba 4 yake hawa zuwa aiki.